DAGA IDO ZUWA HANNU: YADDA AKE AUNA SAURIN MARTANIN ƊAN ADAM

Ga wani ɗan wasa da kowane ɗalibi zai iya gwadawa a kan ƙanensa idan an tafi hutu. Ka sami takardar kuɗi wadda ba ta yamutse ba, ta naira 500 ko 1000, ka riƙe ta ta sama tana lilo. Shi kuma ya buɗe babban yatsa da manuniya, takardar ta shiga tsakaninsu daidai tsakiyarta, amma kada ya taɓa ta. Ka ce masa, "In na saki ka cafke, taka ce." Sai ka saki ba tare da wata alama ba. Kusan kullum kuɗin za su faɗi ƙasa, yatsunsa su haɗu babu kome a tsakani. Zai ce a sake, a sake ɗin ma haka.

Yaron ba rago ba ne, kuma ba dabo ka yi masa ba. Tsawon takardar kamar santimita 15 ne, rabinta ke nan santimita 7 da rabi, kuma abin da aka saki yana gama faɗuwar wannan tazara cikin sakan 0.12 kacal. Shi kuwa mutum, daga lokacin da idonsa ya ga abu zuwa lokacin da hannunsa ya motsa, yana bukatar kimanin sakan 0.2, wato kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Kafin saƙon ya iso yatsa, kuɗi sun wuce. Wannan ɗan giɓi tsakanin gani da aikatawa shi za mu kira jinkirin martani a cikin wannan darasi. Babu mahalukin da ba shi da shi, daga ɗan aji ɗaya har zuwa Firinsifal. Za mu ga daga ina yake fitowa, yadda za mu auna shi da rula kawai, da kuma dalilin da ya sa ya kamata duk mai hawa babur ko tsallaka titi ya san da shi.

Zabura daban, martani daban

Mutane sukan haɗa abubuwa biyu su kira su da suna ɗaya, alhali ba hanya ɗaya suke bi a cikin jiki ba. Na farko shi ne zabura. Idan yarinya ta kai hannu kan murfin tukunyar da ke bisa wuta ba ta sani ba, hannun yakan fizge da kansa, sai daga baya ta ji zafin ta yi ƙara. Ku lura da yadda abin ya jeru: hannu ya riga, zafi ya biyo. Dalili kuwa, saƙon da ya tashi daga fata ya bi jijiya ya shiga laka, wato wannan farar igiya da ke cikin ƙashin baya, ita kuma lakar nan take ta mayar da umurni ga tsokar hannu ba tare da ta jira izinin ƙwaƙwalwa ba. Labari yakan isa ƙwaƙwalwa bayan an riga an gama aiki. A nan idan mun ce jijiya, muna nufin jijiyoyin da ke ɗauke da saƙo, ba na jini ba, gama Hausa da kalma ɗaya take kiransu.

Haka yake ga wanda ya taka ƙayar aduwa ba takalmi. Ƙafar da ta taka takan ɗaga, ɗayar kuma ta sandare ta ɗauki nauyin jiki duka domin kada mutum ya faɗi, duk kafin ya ce wayyo. Ba wanda ya koya wa jariri wannan. Wani masanin Ingila, Charles Sherrington, ya shafe shekaru yana nazarin irin waɗannan zabure-zabure, ya fitar da babban littafinsa a kansu a 1906, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 1932.

Zaburar da aka fi sani a asibiti ita ce ta gwiwa. Likita yakan sa mutum ya zauna ƙafa tana lilo, ya buga ƙasan ƙoƙon gwiwa da ƙaramar guduma ta roba, sai ƙafar ta yi harbi gaba. Likitoci biyu na Jamus, Erb da Westphal, su ne suka fara bayyana amfaninta a 1875. Tana faruwa cikin abin da bai kai sakan 0.05 ba, saboda hanyarta gajera ce ƙwarai: daga tsokar cinya zuwa laka, daga laka zuwa tsokar cinya. Kuna iya gwada ta a aji da gefen tafin hannu, a hankali. Idan ƙafar yaro ta saki kuma wannan harbi ya ɓace, alama ce da ma'aikatan lafiya suke dubawa wajen neman cutar shan-inna, wadda aka tabbatar an kawar da nau'inta na daji daga Nijeriya da Afirka a 2020. Ido ma yana da nasa. Ƙurar hunturu ta taɓa shi, ya ƙifta. An haska masa tocila, ƙaramar ƙofar da ke tsakiyar baƙinsa ta tsuke. Waɗannan biyun ta gindin ƙwaƙwalwa suke bi, shi ya sa idan aka kawo wanda ya bugu a kai, ɗaya daga cikin abubuwan da likita ke fara yi shi ne buɗe masa ido ya haska.

Wanda yake so ya san darajar zabura, ya dubi wanda ya rasa ta. Kuturta tana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, mai ita ya daina jin zafi, ya ɗauki tukunya daga wuta hannu bai fizge ba, ya yi tafiya da tsakuwa a takalmi wuni guda bai sani ba. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya tun daga 1946, ya nuna cewa yawancin yatsun da ake gani sun gutsure, ba cutar ce ta cinye su kai tsaye ba, raunuka ne da ƙuna da suka yi ta taruwa a gaɓar da ba ta jin kome. Wannan shi ya sa a wuraren jinyar kutare, irin na Amanawa a Jihar Sakkwato, ba magani kaɗai ake bayarwa ba, har da koya wa mutum ya riƙa duba hannuwansa da ƙafafunsa da ido kowace rana. Masu ciwon suga da ya daɗe su ma sukan gamu da irin wannan a ƙafa.

Abu na biyu shi ne martani, wanda mutum ke yi da saninsa. Ka ga abu, ka gane shi, ka yanke shawara, ka motsa. Cafke takardar kuɗin nan martani ne, taka birki ma martani ne. Dole saƙo ya hau har ƙwaƙwalwa ya sauko, kuma nan ne lokaci yake tafiya.

Ina lokacin yake zuwa?

Ba haske ne ke jinkiri ba, domin shi yana tafiyar kilomita 300,000 a sakan guda. Tun wajen shekara 1000 da suka wuce Ibnul Haisam, ɗan Basra da ya zauna a Alƙahira, ya tabbatar a cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo. Jinkirin yana farawa ne bayan hasken ya shigo. A can bayan ido akwai wani siririn tantani mai ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi masu jin haske. Kafin su juya hasken ya zama saƙon da jijiya za ta iya ɗauka, sai wasu sinadarai sun sauya a cikinsu, kuma wannan kaɗai yana cin wajen sakan 0.02 zuwa 0.04, in da duhu ma ya fi haka. Daga nan saƙon ya bi jijiyar ido zuwa sashen gani, wanda yake can wajen ƙeya. Sai ƙwaƙwalwa ta tantance abin da aka gani, ta miƙa wa sashen da ke kula da motsi, shi kuma ya aika umurni ta laka zuwa hannu. Ita tsokar ma ba ta tashi nan take, sai ta ɗauki wani ɗan lokaci kafin ƙarfinta ya taru. A duk inda jijiya ta haɗu da wata jijiya akwai ɗan tsaiko, kamar yadda motar haya ke tsayawa a kowace tasha. Fiye da rabin lokacin a cikin ƙwaƙwalwa yake ƙarewa.

Jijiyoyin kansu ba gudu ɗaya suke ba. Masu kauri waɗanda aka naɗe da wani farin kitse suna kai saƙo har mita 120 a sakan, sirara marasa naɗi kuwa wajen mita ɗaya suke yi. Shi ya sa in ka yi tuntuɓe kakan ji zafi sau biyu, mai kaifi nan take, sa'an nan wani mai raɗaɗi ya biyo daga baya.

Kunne ya fi ido sauri. Matsakaicin martani ga ƙara kamar sakan 0.15 zuwa 0.17 ne, taɓawa ma kusan haka take, gani kuwa 0.2 zuwa 0.25. Kunne ba ya jiran sinadari, girgiza ce kawai take motsa wasu ƙananan gasu a cikinsa. Masu kamun kifi da hannu a bikin Argungu, a cikin ruwan da ya gurɓace har ba a ganin kome, da fatar hannu suke aiki, kuma wannan hanya ba ta fi ta ido jinkiri ba ko kaɗan.

Kada ku ɗauka tun fil azal aka san wannan. Har zuwa ƙarni na 19 manyan masana sun ɗauka saƙon jijiya yana tafiya ne kamar walƙiya, ba ya aunuwa. Abin da ya fara jawo hankali ma ba a ɗakin likita ya faru ba, a gidan duban taurari ne na Greenwich da ke Landan, wanda kuka sani a darasin labarin ƙasa. A 1796 shugaban wurin, Nevil Maskelyne, ya kori mataimakinsa David Kinnebrook daga aiki, saboda duk lokacin da tauraro ya ƙetare layin madubin hange, lokacin da saurayin ke rubutawa yana bayan na maigidan da kusan sakan 0.8. Aka ɗauka sakaci ne. Bayan kimanin shekara 20 wani masanin taurari na Jamus, Friedrich Bessel, ya karanta labarin, ya shiga gwada kansa da abokan aikinsa, ya tarar ashe kowane ƙwararre yana da nasa bambancin da ba ya rabuwa da shi. Saurayi dai ya rasa abincinsa a kan abin da halitta ce.

A 1850 Hermann von Helmholtz ya ɗauki tsokar ƙafar kwaɗo da jijiyarta, ya taɓa jijiyar da lantarki a kusa da tsokar, ya sake taɓa ta a nesa, ya auna bambancin lokacin da tsokar ta motsa. Ya sami gudun kamar mita 30 a sakan, wato bai wuce na motar da ke tsula gudu a kan kwalta ba. A 1868 kuma Franciscus Donders na ƙasar Holan ya nuna cewa idan aka ba mutum zaɓi, a ce in ka ga wannan ka yi kaza, in ka ga wancan ka yi kaza, martaninsa yana ƙara jinkiri. Wannan ƙarin shi ne lokacin da tunani ya ci. Ku riƙe wannan batu na Donders, za mu sake bukatarsa idan mun zo kan hanya.

Gwajin rula

Kayan aiki: rula ta katako ko ta roba, tebur, littafi da biro, da mutum biyu. Rula mai santimita 30 za ta yi, amma mai mita ɗaya ta ɗakin kimiyya ta fi, gama ƙaramar takan kuɓuce wa wasu gaba ɗaya.

Wanda za a gwada ya zauna, ya ɗora damtsensa a kan tebur, tafin hannu ya zarce bakin teburin. Wannan yana hana shi bin rular ƙasa da hannu, wanda shi ne maguɗin da aka fi yi. Ya buɗe babban yatsa da manuniya kamar faɗin yatsu biyu. Abokinsa ya riƙe rular ta sama, lambar sifiri tana ƙasa daidai saman babban yatsan. Ya ce "shirya", sa'an nan ya jira, wani lokaci sakan ɗaya, wani lokaci huɗu ko biyar, kada ya bari a gane tsarinsa, kada kuma ya ja numfashi ko ya ɗaga gira. Sai ya saki, kada ya tura. A karanta lambar da ke saman babban yatsa. A yi sau uku na koyo ba a rubuta ba, sa'an nan sau goma a rubuta.

To, yaya santimita za ta zama sakan? A nan darasin jiki ya haɗu da na fiziks. Tun a 1638 Galileo na Italiya ya bayyana cewa abin da aka saki yana ƙara gudu ne yana faɗuwa, kuma nisan da ya yi ya danganta ga lokaci sau lokaci. A ma'aunin yau, nisa a santimita daidai yake da 490 sau lokaci sau lokaci. Ku gwada da sakan 0.2: 0.2 sau 0.2 ya ba da 0.04, sau 490 ya ba da santimita 19.6. Ga abin da lissafin ya bayar, ku kwafe shi a bayan littafinku:

santimita 5, sakan 0.10
santimita 10, sakan 0.14
santimita 15, sakan 0.17
santimita 20, sakan 0.20
santimita 25, sakan 0.23
santimita 30, sakan 0.25
santimita 40, sakan 0.29
santimita 50, sakan 0.32

Ku duba da kyau. Santimita biyar na farko sun ci sakan 0.10, amma daga 25 zuwa 30, su ma biyar ne, sakan 0.02 kawai suka ci. Saboda haka wanda ya kama a 10 bai ninka wanda ya kama a 20 sauri ba, ko da yake zai so ya yi wannan alfahari a ɗakin kwana. Domin wannan dalili ne ya fi kyau a juya kowane sakamako zuwa sakan tukuna, kafin a tara a raba da goma a fitar da matsakaici.

Duk sakamakon da bai kai santimita 5 ba, a soke shi. Wannan ba martani ba ne, canki ne, mutum ya rufe yatsu kafin ya ga motsi sai sa'a ta zo. Akwai manhajojin waya da ke yin irin wannan gwaji, inda allo ke sauya launi mutum ya danna. Suna da daɗin wasa, amma allon da wayar suna ƙara nasu jinkirin, kuma na kowace waya daban ne. Ita rula kuwa, yadda take faɗuwa a Dangoma haka take faɗuwa a Gwandu da Landan.

Idan an sami lambar farko, sai a shiga canje-canje, kuma nan ne gwajin yake zama kimiyya. A gwada hannun dama da na hagu. A gwada da safe bayan asambuli, a sake gwadawa da dare bayan karatun firef. A riƙe rula biyu, ɗaya a kan kowane hannu, a saki ɗaya kawai ba tare da an faɗi wacce ba, ga gwajin Donders ke nan a ajinmu. A sa mutum ya riƙa ƙirga daga 100 zuwa baya yana cire bakwai bakwai da ƙarfi yayin da yake jiran rular, ku ga inda yatsunsa za su kama. Ana iya rufe masa ido a ce "kama" a daidai lokacin saki domin a gwada kunne, sai dai a yi hattara, da wuya bakin mai saki da yatsunsa su tashi tare, don haka wannan sakamakon ba abin dogara sosai ba ne. Ƙa'ida ɗaya ce: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, sauran su tsaya yadda suke.

Abin da bincike ya nuna a wurare da yawa shi ne, yara ƙanana suna da jinkiri, sauri yana kai ƙarshensa a wajen shekara ashirin da 'yan kai, daga nan ya riƙa raguwa a hankali. Koyo yana ɗan rage lambar, amma akwai iyakar da ba ta ƙetaruwa. A ganina bai dace a mai da wannan gwaji abin yi wa juna dariya ba, ko a ɗauka ma'aunin basira ne. Wanda ya kama a santimita 28 yana iya ɗaukar na ɗaya a lissafi.

A filin wasa

Hukumar wasannin tsere ta duniya ta san da wannan iyaka. A manyan gasa akwai na'ura a jikin abin da ɗan tsere ke tokare ƙafa, kuma duk wanda ya motsa kafin sakan 0.100 ya cika bayan ƙarar bindiga, ana ɗauka ya yi riga-malam-masallaci. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, shekarar da Nijeriya ta ci zinariya a ƙwallon ƙafa, Chioma Ajunwa kuma ta ci a dogon tsalle, an fitar da Linford Christie na Birtaniya daga tseren ƙarshe na mita 100 a kan wannan doka. A 2022 aka fitar da Devon Allen na Amurka saboda ya tashi a sakan 0.099, kashi ɗaya cikin dubu na sakan ya raba shi da tseren. Lokacin da Usain Bolt ya kafa tarihin sakan 9.58 a Balin a 2009, martaninsa sakan 0.146 ne.

Akwai darasi a nan ga malaman da ke riƙe agogo ranar gasar gidaje. Ƙara tana tafiyar kamar mita 340 a sakan, don haka mai agogon da ke tsaye a ƙarshen mita 100 zai ji bindiga bayan kusan sakan 0.3. Hayaƙi ko saukar tuta ya kamata ya duba. Duk da haka nasa jinkirin yana nan, shi ya sa masu lissafin wasanni sukan ƙara sakan 0.24 a kan lokacin da aka ɗauka da hannu a gajeren tsere kafin su kwatanta shi da na na'ura.

To, in haka ne, yaya gola yake tare fenareti? Tazarar mita 11 ce, ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 100 a awa tana isa raga cikin sakan 0.4. In ya jira ya ga inda ta nufa, rabin lokacin ya tafi kafin ya ɗaga ƙafa. Abin da gwanaye ke yi shi ne karanta mai bugu, inda ya dasa ƙafa, yadda ƙugunsa ya juya. Ɗan dambe ma haka, kafaɗa da ƙafar abokin karawa yake kallo, ba dunƙulen ba. Sau da yawa abin da muke kira saurin hannu, a gaskiya hange ne da sabo ya haifar.

Inda babu damar hange kuwa, sauri ba ya ceto. A 2016 masu bincike a Amurka sun ɗauki hoton saran macizai da kyamara mai sauri, suka tarar suna kai wa abin da suka nufa cikin sakan 0.05 zuwa 0.09, ƙasa da rabin lokacin da muke bukata. Ɗalibin da zai taya iyayensa yankan shinkafa a fadama, ko ɗaga damin gero da ya kwana a gona, kada ya ce ai in ya ga kububuwa zai janye hannu. Sanda ake fara sa wa a ƙarƙashin dami, a sa takalmi mai rufe ƙafa, da dare kuma a riƙe tocila.

A kan hanya

Yanzu mu bar aji mu fita hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega wadda ta ratsa Kalgo, inda manyan motoci ɗauke da shinkafa da albasar Aliero suke haɗa hanya da 'yan kabu-kabu, da amalanke, da shanu, da yara masu talla. Mai gwajin rula ya san abin da zai faru, ya san abin da zai yi, yatsunsa suna shirye. Direba bai san kome ba. Sai ya fara lura akwai wani abu, ya gane akuya ce ko yaro, ya zaɓa tsakanin birki da kauce wa da oda, sa'an nan ya ɗage ƙafa daga totur ya kai ta birki. Masu binciken haɗura sukan ɗauki kimanin sakan 1.5 ga direban da abu ya zo wa ba zato, injiniyoyin da ke tsara hanya a Amurka ma sakan 2.5 suke warewa domin a haɗa da masu jinkiri.

Gajiya tana ƙara wannan lokaci. Wani bincike da Dawson da Reid suka buga a 1997 a Ostareliya ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, aikin ido da hannunsa yana lalacewa daidai da na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Direban da ya taso tun asuba ya kai tsakar dare a kan sitiyari ya shiga wannan hali, ko da bai taɓa kurɓar kome ba a rayuwarsa. Giya, da ƙwayoyi irin su taramol, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, duk suna rage gudun saƙo a mahaɗar jijiyoyi. Mugun abin shi ne mai shan yana jin kamar ya ƙara kuzari. Magana a waya kuwa ita ce ƙirgen bakwai bakwai ɗin nan da kuka gwada. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa iyakar gudun cikin gari a kilomita 50 a awa, kuma lissafi zai nuna muku dalili.

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan, mai gudun 100 kuwa kusan mita 28. A cikin sakan 1.5 na tunanin direba, ta farko ta yi mita 21, ta biyu ta yi mita 42, kuma har yanzu ba a taɓa birki ba. Bayan an taka, a kan busasshiyar kwalta da birki mai kyau da tayoyi masu rai, ta farko tana bukatar ƙarin kamar mita 14, ta biyu kuwa kamar mita 55, gama in gudu ya ninka sau biyu, tazarar birki sau huɗu take ninkawa. Jimla, mita 35 da mita 97. Tirela mai lodi, ko motar da tayarta ta suɗe, ko hanyar da ruwan sama ya jiƙa, duk sun wuce haka nesa.

Domin haka ƙwararrun direbobi sukan bar tazarar aƙalla sakan biyu tsakaninsu da motar gaba. Su zaɓi wata bishiya ko turken wuta, idan ta gaba ta wuce shi su fara ƙirga a natse, in sun iso wurin kafin sakan biyu, sun matsa da yawa. Mai tafiya a ƙasa shi ma yana da nasa lissafin. Tsallaka titi mai faɗin mita 7 da tafiya ta sosai yana cin wajen sakan biyar, kuma a cikin sakan biyar motar da ke gudun 100 tana cin mita 140. Da magariba, lokacin da tantanin ido ke ƙara jinkiri, yaro mai baƙaƙen kaya yana ganin fitilar mota tun daga nesa, sai ya ɗauka direban ma ya gan shi.

Aikin da za a yi a waje: kowane aji ya fita filin ƙwallo da igiyar awo. A ɗauka layin raga nan ne direba ya fara hango yaro a kan titi. A kafa sanda a mita 21 da mita 35 domin mota mai gudun 50, a kafa wasu a mita 42 da mita 97 domin mai gudun 100. A cikakken fili mai mita 105, sanda ta ƙarshe za ta wuce wurin ajiye ƙwallon fenareti na ɗaya ragar. Sa'an nan ɗalibi ɗaya ya tsaya a sandar mita 35, inda motar farko ta tsaya cik, sauran su auna taku nawa ya rage kafin direban mota ta biyu ya kai ƙafarsa kan birki.